Gargaɗi ga masu Mustang da Camaro: damfarar da ake yi da sunan canjin giyar aksul ɗin baya

Duk mai motar Amurka irin su Ford Mustang, Chevrolet Camaro ko tsohuwar Dodge Charger, wanda ya fara tunanin canja giyar aksul ɗin baya domin motarsa ta riƙa fizga da sauri daga tsaye, ya kamata ya san cewa akwai 'yan damfara da suka mai da wannan buƙata hanyar cin abincinsu. Suna fakewa a zaurukan Facebook na masu irin waɗannan motoci da shafukan sayar da kayan hannu na Amurka, kuma wanda suka fi samun galaba a kansa shi ne mai saye daga nesa, wanda ba zai iya zuwa ya ga kayan da idonsa ba, wanda kuma kuɗin mayar da ƙarfe mai nauyi zuwa Amurka zai sa ya haƙura da asararsa.

Abin da ke ba su dama shi ne yawancin masu saye sun san lambar da suke so, amma ba su san daga ina lambar ta fito ba. A cikin aksul akwai giya biyu da ke cizon juna: ƙarama wadda farfela ke juyawa, da babba wadda ke juya tayoyi. Idan aka raba yawan haƙoran babbar da na ƙaramar, abin da ya fito shi ne lambar da ake magana a kai. A aksul ɗin Ford mai inci 8.8, wanda Mustang masu injin V8 suka yi amfani da shi daga 1986 zuwa 2014, giyar 3.08 tana da haƙora 40 da 13, ta 3.55 tana da 39 da 11, ta 3.73 tana da 41 da 11, ta 4.10 kuma 41 da 10. Ku lura cewa tsakanin 3.73 da 4.10 bambancin haƙori ɗaya ne tak a jikin ƙaramar giyar, kuma babu mai gane wannan a hoton da aka ɗauka daga nesa.

Ƙarya ta farko tana cikin tallar kanta. Za a rubuta cewa sabuwar giya tana ƙara wa inji ƙarfin doki, ko kuma tana ƙara saurin tashi ba tare da ƙarin shan mai ba. Giyar aksul ba ta ƙara wa inji komai. Wanda ya tashi daga 3.08 zuwa 4.10 ya ƙara ƙarfin murɗawar da ke isa ga tayoyi da kusan kashi 33 cikin ɗari, kuma zai ji haka a jikinsa tun daga takun totur na farko, amma injin ma zai riƙa juyawa da ƙarin kashi 33 ɗin a kowane gudu. Tsohuwar mota mai taya inci 26, wadda giyar ƙarshe ta akwatin giyarta ke tafiya ɗaya da ɗaya da inji, injinta yana yin kusan juyi 2,500 a minti idan tana gudun kilomita 100 a awa da 3.08, da 4.10 kuwa zai koma kusan 3,300. Wannan na nufin ƙarin shan mai da ƙarin ƙara a doguwar hanya, ga maleji da zai daina faɗin gaskiya har sai an daidaita shi. Mai sayarwa na gaskiya yakan faɗi wannan tun kafin a tambaye shi.

Damfarar da ta fi yawa ita ce ta kayan da babu su kwata-kwata. Mutum zai rubuta cewa yana neman giyar 3.73, cikin ɗan lokaci sai wani ya turo masa saƙo a keɓe cewa abokinsa yana da ita, ga adireshin imel ɗinsa. Abokin zai aiko da hotuna masu kyau waɗanda aka sato daga wata tsohuwar talla, ya sa farashi ƙasa da na kasuwa, ya ce akwai wani mai saye da ke jira, sannan ya nemi a biya ta Zelle, ko Western Union, ko katin kyauta, ko kuɗin kirifto, ko sashen PayPal na 'yan uwa da abokai. Dukkan waɗannan hanyoyi an zaɓe su ne saboda ba su da kariyar mai saye. Kuɗi na shiga, sai shiru.

Wadda ta fi ba ni takaici ita ce ta biyu, domin a nan kaya suna isowa, mai saye ya yi murna, ya biya makaniki, sai bayan an ɗaura matsalar ta bayyana. Babbar giya da ƙaramarta ana goge su tare ne a masana'anta har haƙoransu su dace da juna, kuma ana rubuta musu lamba ɗaya a jiki domin a san abokan juna ne. Mazambaci yakan haɗa babba daga wani aksul da ƙarama daga wani, ya wanke su, ya shafa mai, ya saka a kwalin sanannen kamfani. Irin wannan haɗi ba ya daina kuka komai ƙwarewar wanda ya ɗaura shi, kuma haƙoran suna cinye juna da wuri. Haka nan akwai giyar da aka ƙera don tseren gajeren zango daga ƙarfe mai lamba 9310, wadda aka bar ta da ɗan laushi domin ta jure bugun tashi. A kan titi tana saurin cinyewa, amma ana sayar wa marasa sani ita da sunan ta fi inganci, alhali ta titi ita ce mai lamba 8620.

Sai kuma kalmar nan ta "tana shiga kowace mota", wadda ita kaɗai ta isa a rufe ciniki. Giyar tsohon 8.8 ba ta shiga Mustang ta 2015 zuwa sama. Aksul ɗin Chevrolet mai noti 12 na ƙaramar mota daban yake da na a-kori-kura, kuma a cikinsa ma mazaunin babbar giya da ke ɗaukar 3.08 ba ya ɗaukar 4.10 sai an sayi babbar giya mai kauri da aka yi musamman don haka. Aksul ɗin Chrysler mai inci 8.75 yana da gida iri uku, 741 da 742 da 489, kowanne da irin ƙaramar giyarsa.

Ba daga ƙetare kaɗai cutar take zuwa ba. Akwai garejin da zai karɓi kuɗin kaya da na aiki, ya canja man giya, ya goge murfin aksul, ya mayar wa mai mota da abarsa yadda take. Akwai kuma wanda zai ɗaura giyar da gaske amma da ka, ba tare da awo ba. Wannan aiki yana buƙatar agogon awo, domin wasan da ke tsakanin haƙora bai wuce kimanin milimita 0.2 zuwa 0.3 ba, ga zurfin shigar ƙaramar giya da matsin boris da sai an daidaita, sannan a shafa fenti a haƙora a juya a ga inda suke haɗuwa. Makanikin da ba shi da waɗannan kayan awo bai kamata ya buɗe aksul ɗinku ba. Idan kuma giya ta fara kuka aka ce muku za ta zauna da kanta, ba gaskiya ba ne. Abin da aka sani shi ne a lallaɓa sabuwar giya na kusan kilomita 800 sannan a canja mai, amma wadda aka ɗaura a karkace ba ta miƙewa.

Abin farin ciki shi ne duk wannan ana iya kama shi da ƙirga. Kafin ku biya ko sisi, ku nemi mai kayan ya ɗauki bidiyo yana ƙirga haƙoran giyoyin biyu ɗaya bayan ɗaya, ya nuna lambar da ke jikin kowacce, kuma a gefe a ga takarda da sunanku da ranar a rubuce da hannu. Wanda ke da kayan a hannunsa zai yi wannan cikin minti biyar, wanda ba shi da su kuwa zai fara kawo uzuri. Bayan aiki, ku karɓi tsofaffin giyoyinku a hannu, sannan a ɗaga motar a sa alama da alli a jikin farfela da taya. Idan tayoyin baya biyu suna juyawa tare, a juya taya sau ɗaya a ƙirga juyin farfela: kusan uku da kwata uku shi ne 3.73, huɗu da ɗan ɗoriya shi ne 4.10. Idan ɗayar tana juyawa baya, a bar ta a ƙasa, a juya ɗayar sau biyu a yi ƙirgar.

Wanda ya riga ya faɗa hannunsu, kada kunya ta hana shi magana. Ya adana saƙonni da hotuna da shaidar biya, ya sanar da bankinsa ko kamfanin da ya tura kuɗin a ranar, domin jinkiri na rage damar dawo da su. Idan mazambacin yana Amurka, ana kai ƙara ta intanet ga FTC, hukumar kare masu saye ta can, da IC3, sashen FBI mai karɓar ƙorafin laifukan intanet. Idan a Najeriya yake, akwai EFCC, ga kuma FCCPC mai kare haƙƙin masu saye idan rikicin da gareji ko shago ne. Ya kuma sanar da shugabannin zauren da aka yi cinikin, da sunan asusun da hotunan da aka yi amfani da su, saboda hotunan nan guda ake sake turawa mutum na gaba.