Rugbi da karatun jami'a: Afirka ta Kudu ko Faransa?

Baffa Alhaji, Allah ya ƙara lafiya. Na ga tambayarka tun shekaranjiya, na bari sai na samu natsuwa. Ga waɗanda ba su gani ba: ɗan Baffa ne ya ci bak bana, wato jarrabawar kammala sakandare, shekararsa 18, ya koyi rugbi a Yawunde lokacin da yake zaune wurin kawunsa, yanzu ya kafe sai jami'ar da ke da ƙungiya mai ƙarfi. An ambata masa Afirka ta Kudu da Faransa, shi ne Baffa ke son a ɗora masa su a sikeli. Rugbi dai shi ne wasan da gidajen rediyo ke kira zari-ruga, na ƙwallo mai siffar ƙwai. Dole in fayyace, don a nan Garwa in ka ce ƙwallo, Coton Sport kowa zai ɗauka kake nufi.

Ƙasashen biyu ba gini ɗaya suka yi wa wasan ba. A Afirka ta Kudu jami'a ce ƙofar rugbi. A Faransa kuwa jami'a wurin karatu ce, ƙofar tana kulob. Wanda bai gane wannan ba zai ɓata wata guda yana neman jami'ar rugbi a Faransa, ya tashi a tutar babu.

A Afirka ta Kudu akwai gasar jami'o'i da ake kira Varsity Cup, an fara ta a 2008. Daren Litinin ake buga ta, daga Fabrairu zuwa Afrilu, SuperSport na nunawa kai tsaye, ɗalibai na cika fili maƙil. Jami'ar Stellenbosch, wadda ake wa laƙabi da Maties, ita ta ɗauki kofi uku na farko a jere, 2008 zuwa 2010. Sai Tuks ta Firitoriya, da Ikeys ta Cape Town, da Shimlas ta Bloemfontein, da ta Potchefstroom. Ƙasa da ita akwai mataki na biyu, Varsity Shield. Eben Etzebeth ya ci kofin da Ikeys a 2011, Handré Pollard ya ci da Tuks a 2013, dukansu biyu kuma suna cikin Springboks, ƙungiyar ƙasar Afirka ta Kudu, da suka ɗauki kofin duniya a 2019 da 2023. Wani abin da zai yi wa Baffa daɗi: ba a yarda ka sa rigar jami'a kana zaman banza ba. Sai ɗalibi mai rajista, wanda kuma ya ci darussansa na bara. In ka faɗi, ka koma benci.

Wannan duk gaskiya ne, amma a duba su wa yaron zai yi gogayya da su. Yaran can suna fara rugbi tun suna firamare, ba takalmi ma. Daga nan su wuce makarantu irin Grey College ta Bloemfontein ko Paul Roos ta Stellenbosch, inda ake horar da su kamar sojoji. Kowace shekara akwai Craven Week, taron zaƙaƙuran 'yan sakandare na larduna, kuma a can jami'o'i da ƙungiyoyin ƙwararru ke raba su tsakaninsu, a can ake rabon tallafin karatu. Ko Siya Kolisi, baƙar fata na farko da ya zama kyaftin ɗin Springboks, tun yana ɗan wajen shekara 12 aka hango shi a unguwar Zwide aka ba shi gurbi a babbar makaranta. Yaron da ya sauka daga Kamaru da shekara uku ko huɗu na wasa, ya tarar an gama rabon tuwo tun bai wanke hannu ba. Zai samu inda zai buga, wannan ba shakka, domin a Stellenbosch har gidajen kwanan ɗalibai suna da gasarsu mai zafi. Amma kada Baffa ya sa kuɗin tallafi a lissafinsa.

Ga kuma harshe. Da Turanci ake karatu, a fili da ɗakin canja kaya kuma za ka ji Afirkans sosai, musamman a Stellenbosch da Potchefstroom. Mai bak na Faransanci sai ya yi jarrabawar Turanci, sai an tantance takardarsa an daidaita ta da tasu, sai ya sayi inshorar lafiya ta can kafin a ba shi biza. Kamaru da Cadi ba sa cikin SADC, ƙungiyar ƙasashen kudancin Afirka, don haka babu rangwamen da ake yi wa 'yan Zambiya ko Lesoto, kuɗin baƙo zai biya. Alherin da ke ciki ɗaya ne: shekararsu a Fabrairu take farawa, yaron da ya ga sakamakonsa a Yuli yana da wata shida na gyara bakinsa.

To, Faransa. Jami'o'i suna da gasarsu, yawanci ranar Alhamis da rana, amma ba wanda ya zama ƙwararre ta nan. Tsanin na kulob ne: Top 14 a sama, Pro D2, Nationale, sannan matakan Fédérale, har ƙauyen da bai kai Pitowa ba yana da ƙungiya da fili. Manyan kulob suna da cibiyar horar da matasa, wadda dole ta haɗa wa yaro wasa da karatu ko koyon sana'a. Jami'a kuma, in ta amince kai ɗan wasa ne na gaske, tana sassauta maka jadawali da ranakun jarrabawa. Saboda haka ba jami'a ake zaɓa ba, gari ake zaɓa. Tuluz ce uwa. Can Stade Toulousain take, mai kofin Turai shida, na ƙarshe a 2024, ƙungiyar Antoine Dupont. Kewaye da ita ga Colomiers, ga Blagnac, ga ƙanana barkatai, kuma garin cike yake da jami'o'i. Bayanta Bordo, Po, Klermon da Monpeliye. Yaro ya yi rajistar karatunsa, ya hau bas zuwa ƙaramin kulob, ya ce ga ni. Za a ba shi lasisi bayan likita ya duba shi, a jefa shi cikin mele, wato tureniyar da 'yan gaba ke yi kafaɗa da kafaɗa, a ga abin da wuyansa zai ɗauka. In da abu a jikinsa, labari ba ya kwana a kudancin Faransa.

'Yan Kamarun da suka yi suna ta wannan hanya suka bi. Serge Betsen, haifaffen Kumba, ya sa wa Faransa riga sau 63, daga ƙaramin kulob na Clichy ya tashi zuwa Biarritz. Dany Priso, haifaffen Loum, shi ma kulob ne ya raine shi. Sai dai su biyun tun suna yara suka tafi, kuma nan ne ƙashin bayan maganar. Faransa tana da dokar da ake kira JIFF, mai tilasta wa ƙungiyoyin ƙwararru su cika takardar wasa da 'yan renon gida. Ana shiga wannan sahu da kaka uku a cibiyar horon wani kulob, ko kaka biyar da lasisin hukumar rugbi ta Faransa kafin a wuce shekara 23. Wanda ba ya ciki, baƙo ne, gurbinsa ƙunci gare shi. Mai shekara 18 yana bakin ƙofa ana shirin rufewa. Kowace shekarar da aka yi ana shawara, ta ci daga rabonsa.

Kuɗi kuwa, a 2019 aka ƙayyade wa ɗaliban da ba na Turai ba yuro 2,770 a shekara a matakin lisans (digiri na farko), wato sefa miliyan 1 da dubu 800 da ɗoriya, kuma yana ɗan hawa. Jami'o'i da dama sun sha yafe kaso mai yawa, a tambayi kowacce. Wajen biza an daɗe ana neman shaidar yuro 615 a wata, sefa dubu 400 da 'yan kai. Ɗalibi yana da izinin aiki awa 964 a shekara, amma mai atisaye sau uku a mako da wasa ran Lahadi, ban ga inda zai samo awannin ba. Komai ta Campus France yake bi, ofishin masu neman karatu a Faransa, a Yawunde ko Duwala, 'yan uwanmu na Cadi kuma a Njamena, ana buɗewa wajen Oktoba don shiga a Satumba mai zuwa.

Wani ya ambaci Ingila a ƙarƙashin tambayar. Hartpury, Loughborough, Exeter da Cardiff Met ta Wales suna da ƙarfi ƙwarai, amma kuɗin baƙo ya ninka na Faransa sau da yawa, bizar ɗalibi kuma ta hana a biya ka don wasa. A bar ta. In Turancin ake so da araha, gara a leƙa Kenya, inda Strathmore da jami'ar Kenyatta suke da ƙungiyoyin da suka saba karawa da manyan kulob na ƙasar.

Abin da na san yana ran Baffa bai rubuta ba, shi ne tarbiyya. Ba zan ɓoye ba, a ƙasashen biyu rugbi da giya 'yan ɗaki ɗaya ne, Faransawa har suna kiran zaman shan bayan wasa rabin lokaci na uku. Ba a ɗura wa kowa, amma yaro sai ya iya cewa a'a yana dariya. Masallaci da naman halal ba matsala ba ne a Tuluz ko Bordo. Cape Town ma tana da tsohuwar al'ummar Musulmi, masallacin Auwal na unguwar Bo-Kaap tun 1794 yake tsaye. Potchefstroom da Bloemfontein ne zai fi jin kaɗaici.

Da ɗana ne, Baffa, Faransa zan tura shi, Tuluz ko Bordo, ya karanta abin da zai ci abinci da shi ko da gwiwa ta tashi aiki, don wasan nan ba ya tausayin gwiwa da kafaɗa. Afirka ta Kudu ta fi kyau ga wanda burinsa digiri da Turanci, rugbin ya zama na jin daɗi. Kafin Oktoba, a sa kocinsa na Yawunde ya rubuta masa takardar shaida, a haɗa bidiyon wasanni biyu cikakku, ba guntayen da ya yi kyau kaɗai ba. Ka kuma turo mini tsayinsa da nauyinsa da gurbin da yake bugawa. In piliye ne, ɗan sahun gaba na mele, mai jiki, maganar ta fi sauƙi, don ko'ina ana ƙarancinsu. In kuwa na gefe ne mai gudu, irinsa suna da yawa, sai mu sake zama.