Albion Online ko Black Desert: ina gumin mutum ya fi yin albarka?

Wani ɗan'uwa a zaurenmu na nan Sakkwato ya tambaya wanne zai shiga cikin waɗannan wasannin intanet biyu, shi da ba ya son zuba kuɗin aljihunsa amma yana son kayan yaƙinsa su riƙa ƙarfi. Ɗan'uwa, duk wanda ka zaɓa za ka yi asara. Ka duba ta inda take zuwa.

Black Desert na kamfanin Pearl Abyss ne na Koriya ta Kudu, kuma na kwamfuta nake nufi. Makami yana hawa daga +1 zuwa +15, sannan PRI, DUO, TRI, TET, PEN. Bayan matakan farko, kowane mataki gwajin sa'a ne. Ka nemi TRI ka faɗi, makamin ya koma baya, lafiyarsa ta ragu, sai ka nemi abin gyara. Duwatsun Cron na hana komawa baya, amma da tsada. Kasuwarsu ɗaya ce, wasan ne ke yanka iyakar farashi sama da ƙasa, kuma ana cire kashi 35 cikin 100 na cinikinka, sai mai Value Pack, wato garaɓasar ɗan lokaci da ake saya a wasan, ke samun sassauci. Abin da ke ci mini rai shi ne mutum ya yi makonni yana tarawa, dannawa ɗaya ta cinye, ba tare da ya yi kuskuren komai ba.

Albion kuwa, wanda Sandbox Interactive ta birnin Balin ta fitar a 2017, ya zama kyauta a 2019, ya sauka waya a 2021. Kusan duk takobi da sulken da ke kasuwa wani ɗan wasa ne ya ƙera. Kaya na da daraja T1 zuwa T8, in ka cika sharaɗi kuma ka kawo kayan haɗi, abin zai fito. Sa'a ta fi shiga wajen ingancinsa.

Daɗin yana kasuwa. Kowane gari da tasa, ba su haɗe ba. Martlock ta fi riba wajen jima, Thetford narka ƙarfe, Lymhurst zare, Fort Sterling katako, Bridgewatch dutse. Sai ka saya inda ya yi araha, ka ɗora wa san dako, ka kai inda ake nema, kamar mai lodin albasa daga Wurno zuwa kudu. Caerleon ma tana da baƙar kasuwa mai sayen kayan 'yan wasa tana zuba su cikin ganimar dodanni.

An raba taswirar wasan yanki-yanki da launi gwargwadon haɗari. A jan yanki da baƙi, wanda ya kashe ka zai kwashe abin da ke jikinka, wani ɓangaren ya lalace. Wannan ne ke sa maƙeri bai rasa ciniki. Amma kai ka zaɓi shiga, kai ka zaɓi abin da ka saka.

Ni Albion zan ba ka. Sai dai ka san halin sabis ɗinmu: in ya yanke kana baƙin yanki, kayanka sun tafi. Ka zaɓi sabar Turai, wato cibiyar wasan da aka buɗe can a 2024, ta fi kusa da mu. Ka fara da tara fata ko zare a shuɗi da rawayan yanki, inda ba a kwashe maka kaya, kada ka fita da abin da ya wuce T4 sai asusunka ya iya sayen irinsa sau da yawa.