Ɗan jagoran da muka ɗauka a tsibirin Gore: kuɗinsa ya halatta, sai dai abu ɗaya

Daga Kaulaha muka dawo bayan Mauludi, jirginmu na komawa gida kuma sai washegari da dare, don haka muka samu yini guda a Dakar. Kawu ya ce shi kam otal zai kwanta saboda gwiwarsa. Na ce, "Kawu, a zo har nan a koma ba a ga Gore ba? Ko a hankali ne sai mu taka." Ya yi shiru, can ya ce in ɗauko masa sandarsa.

Daga tashar jiragen ruwa ta Dakar ake hawa, tafiyar kamar minti 20 ce. Tikitin farashi daban-daban ne: na mazauna Senegal, na sauran 'yan Afirka, sai na Turawa da makamantansu. Ku riƙe fasfo a hannu, shi ya rage mana kuɗi. Ana sauka kuma akwai ɗan harajin shiga gari. A nan bakin gaɓa 'yan jagora suke tsaye, kowa na kira. Mun zaɓi wani dattijo mai katin shaida rataye a wuya, saboda yana jin Turanci da ɗan Larabci, mu kuwa Faransancinmu bai wuce gaisuwa ba. Muka yi ciniki kafin mu ɗaga ƙafa, shawarar da nake ba kowa ke nan.

Tsibirin ƙarami ne, tsawonsa bai kai kilomita ɗaya ba, kuma babu mota ko ɗaya. Lunguna ne masu yashi, gidaje ja da rawaya, furanni sun zubo ta saman katanga. Abin da ya fara burge ni da mutumin nan shi ne yadda ya daidaita tafiyarsa da ta Kawu ba tare da an roƙe shi ba. Duk inda ya ga inuwa, nan yake tsayawa ya yi bayani. A tsaye ƙarƙashin wata kuka ya ba mu jerin waɗanda suka riƙe wurin: 'yan Fotugal sun iso a 1444, 'yan Holan suka karɓa suka raɗa masa suna, Faransa ta ƙwace a 1677, Ingila ma ta riƙe shi wasu lokuta. A 1978 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya.

Gidan Bayi shi ne abin da ke kawo mutane. Matakala biyu ne masu lanƙwasa suka hau bene, inda masu gida suke zaune suna shan iska. A ƙasansu kuma kurkukun ne: na maza daban, na mata daban, na yara daban, sai wani ɗan rami a ƙarƙashin matakala da ake jefa masu taurin kai, wanda babba ba zai iya miƙewa a ciki ba. A ƙarshen wani siririn lungu ƙofar nan take, wadda ake cewa wanda ya fita ba ya dawowa. Ba komai a bayanta sai duwatsu da teku.

A nan jagoran ya yi abin da ya sa na ce kuɗinsa ya halatta. Wasu da ke gefenmu ana ta zuba musu lissafin miliyoyi. Shi kuwa ya gaya mana gaskiya cewa masana tarihi da yawa suna ganin bayin da suka fita ta wannan gida ba su kai yadda ake faɗa ba, manyan tashoshin cinikin suna can kudu, irin su Wida ta Benin da Boni ta Najeriya da Luwanda ta Angola, kuma Boubacar Joseph Ndiaye, wanda ya kula da gidan har ya rasu a 2009, shi ya mai da shi wurin tunawa da duk waɗanda aka kwashe. Da ya gama sai ya ja baya ya bar mu. Kawu ya dafa bangon ɗakin yara, ya daɗe bai ce uffan ba. Da muka fito ne ya ce mini, "Ɗana, har da namu fa." Gaskiyarsa. Hausawa da aka kama aka gangara da su bakin teku suna cikin waɗanda aka kai Bahiya ta Brazil, har suka shirya bore a can a 1807. Mun yi musu addu'a a tsakar gidan, jagoran ya ɗaga hannu tare da mu.

Ya nuna mana tsohon ginin makarantar William Ponty, wadda ta zauna a tsibirin daga 1913 zuwa 1937, inda Diori Hamani na Nijar da Modibo Keita na Mali suka yi karatu. Ya ce a tsibirin nan aka haifi Blaise Diagne, wanda a 1914 ya zama baƙar fatar Afirka na farko da aka zaɓa majalisar Faransa. Tudun da manyan bindigogi suke kuwa ni kaɗai na hau da gudu, na hango Dakar na sauko.

To ga inda ya ɓata mini rai. Azahar ta yi, maimakon ya nufa da mu masallaci, sai ya karkata da mu rumfar wani abokinsa mai zane da yashi kala-kala. Zanen yana da kyau, amma kusan rabin awa muka ɓata ana tura mana kaya a hannu, Kawu na tsaye a kan gwiwa mai ciwo, kunya ta hana shi tafiya. Sai da na ce masa kai tsaye salla za mu yi. Masallacin kuwa, tsohon gini na dutse a gindin tudu, igiyar ruwa na dukan ƙasansa, da ban yi magana ba ko ganinsa ba za mu yi ba. Duk wanda zai ɗauki jagora a Gore ya faɗa tun a wurin ciniki: ga lokacin salla, kuma sayayya sai ƙarshe.

Bayan salla muka ci dafa-dukar shinkafa da kifi a bakin gaɓa, muka kora da zoɓo mai sanyi, su suna ce masa bisap. Awa huɗu sun ishe mu. Na ƙara wa jagoran wani abu a kan abin da muka yi ciniki, saboda Kawu ya ce in ƙara.