Hattara da masu sayar da yawon bogi a tashoshin jiragen ruwa na Bahar Maliya

Tun da manyan jiragen ruwan shaƙatawa suka fara tashi daga Jidda a shekarar 2021, har Saudiyya ta ƙaddamar da nata jirgin mai suna AROYA a watan Disamban 2024, wasu daga cikin mutanenmu, musamman masu zuwa Umara da iyalansu da kuma mazauna ƙasar, sun fara ƙara 'yan kwanaki a kan tafiyarsu domin su zaga Bahar Maliya. Jiragen da ke bin wannan teku sukan yada zango a tashoshi irin su Aƙaba a ƙasar Jodan, da Safaga da Sharm El-Sheikh a Masar, inda fasinja ke samun wuni guda ko ƙasa da haka ya sauka ya ga gari. A cikin waɗannan 'yan sa'o'i ne ake hawan duwatsun Petra, tsohon birni a Jodan, ko shiga saharar Wadi Rum ta ƙasar a motar daji, ko ninƙaya da nutso a cikin teku. A kansu ne kuma 'yan damfara suka ɗana tarkonsu, kuma dalilin wannan rubutu ke nan.

Salon damfarar ba shi da wuyar bayani. Mutum zai buɗe shafi a Facebook ko Instagram, ya cika shi da hotunan da ya kwaso daga shafukan kamfanonin gaskiya, ya kira kansa wakilin masu jagorar baƙi a tashar da jirginka zai tsaya. Wani lokaci tallar takan iso ta zauren WhatsApp na matafiya, ta hannun ɗan kamasho mai jin yarenka, wanda zai yi maka sallama cikin ladabi, ya kira ka Alhaji ko ya kira ki Hajiya, ya nuna cewa tausayin ɗan uwa ne ya sa yake son ya raba ka da tsadar yawon da kamfanin jirgi ke sayarwa. A nan yana da 'yar gaskiya, domin yawon da ake saya a cikin jirgi yakan fi na waje tsada, kuma da wannan 'yar gaskiyar yake lulluɓe ƙaryarsa. Daga nan sai ya nemi kafin alƙalami, rabin kuɗi ko ma dukkansu, ya ce gurbi ya kusa cika, a tura yau kafin dare, kuma a tura zuwa asusun wani mutum, ba asusun kamfani ba. Ranar da jirgi ya iso, za ka tsaya a ƙofar tasha da iyalinka cikin rana kana neman mai riƙe da allo ɗauke da sunanka, babu shi babu alamarsa, lambar wayar kuma ta daina shiga.

Wannan shi ne mafi sauƙin nau'in cutar, domin kuɗi kawai aka rasa. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne wanda zai zo ɗin, da mota da direba, amma abin da ya yi alkawari ba zai taɓa shiga cikin sa'o'in da jirgi ya ba ka ba. Irin wannan ana gane shi tun daga gida, idan aka zauna aka yi lissafin nisa da lokaci, kuma a ganina babu makamin da ya fi wannan lissafi tona asirin macuci.

A ɗauki Safaga. Abin da ke kai jiragen ruwa can shi ne Luksor, garin da ke da haikalin Karnak da kwarin kaburburan sarakunan Masar na da. Tsakanin Safaga da Luksor akwai tafiyar da ta haura kilomita 200 ta cikin duwatsu da sahara, wadda ke cin sa'a 3 ko fiye a mota, zuwa kawai. Ke nan sa'a 6 zuwa 7 sun tafi a kan hanya kafin a ga komai. Duk da haka za ka ga talla tana yi wa fasinjan jirgin da zai iso da safe ya tashi da dare alkawarin hawa balan-balan mai tashi sama a Luksor. Waɗannan balan-balan da asuba suke tashi, daidai fitowar rana, lokacin da iska ke kwance. Wanda jirginsa ya ɗaure a Safaga da ƙarfe bakwai na safe ba zai isa Luksor ba sai hantsi ya dubi ludayi, an daɗe da sauke su an naɗe. Sai dai idan jirgin zai kwana a tashar ne abin zai yiwu. Duk wanda ya karɓi kuɗinka a kan wannan ba tare da ya tambaye ka ko jirginku zai kwana ba, ko dai bai san aikin ba, ko kuwa ya san ba zai yi shi ba. Ba kuma wasa ba ne da za a miƙa wa wanda ba a sani ba: a watan Fabrairun 2013 wata balan-balan ta kama da wuta a Luksor, mutum 19 suka rasu.

Haka lamarin yake a Aƙaba. Daga tashar zuwa Petra kimanin kilomita 125 ne, tafiyar sa'a 2 a mota. Idan an isa ƙofa, akwai tafiyar ƙafa ta kusan kilomita 2 kafin a kai ga ginin nan da aka sassaƙa a jikin dutse, Al-Khazna, kuma fiye da rabinta a cikin matsattsiyar hanyar da ke ratsa tsakanin duwatsu ake yin ta. Wanda yake son ya kai Ad-Dair, ginin da ke can ƙololuwa, sai ya ƙara tafiya mai tsawo sannan ya hau matakala kusan 800, ya kuma sauko da ƙafarsa. Mai ƙarfin jiki zai iya, kuma wurin ya cancanci wahalar. Amma idan mai talla ya haɗa maka Petra har Ad-Dair, da hawan raƙumi a Wadi Rum, da kallon faɗuwar rana a sahara, da ninƙaya a Aƙaba, duk a cikin tsayuwar sa'a goma, to ɗayan biyu ne zai faru: ko a yanke rabin abin da ka biya ba tare da an mayar maka da ko kwabo ba, ko a dawo da kai tasha a makare. Farashi ma ma'auni ne. Tikitin shiga Petra na wuni guda dinari 50 ne na Jodan ga baƙon da ya kwana a ƙasar, dinari 90 ga wanda bai kwana ba. Wanda ya ce zai kai ka ya dawo da kai, da abinci da ɗan jagora da tikiti, a kan kuɗin da bai kai na tikitin kaɗai ba, yana shirin ya tsayar da kai a bakin ƙofa ne ya ce kuɗin shiga naka ne, a lokacin da ba ka da zaɓi sai ka biya.

Makara kuwa ba ƙaramin abu ba ce, domin jirgin ruwa ba ya jira. Kowace rana ana sanar da lokacin da dole kowa ya kasance a ciki, wanda yawanci rabin sa'a ne kafin tashi. Idan yawon da kamfanin jirgi ya sayar maka ne ya makara, jirgin zai jira ku ko kamfanin ya ɗauki nauyin kai ku tasha ta gaba. Idan da kanka ka shirya da wani na waje, nauyin yana wuyanka. A ƙarshen watan Maris na 2024, jirgin Norwegian Dawn ya tashi ya bar fasinjoji 8 a tsibirin Sao Tome bayan sun makara daga yawon da suka shirya da kansu, kuma sai da suka yi kwanaki suna ratsa ƙasashen Afirka ta Yamma kafin su cim masa a Dakar ta Senegal. Ba a ce wanda ya kai su yawon ɗan damfara ba ne, makara kawai aka yi. To ina ga wanda ya faɗa hannun mutumin da tun farko bai damu da agogo ba? Ga mai fasfon Najeriya ko Nijar abin ya fi muni, domin ba kowace iyaka ce zai tsallaka ba tare da biza ba, kuma zai tsinci kansa a baƙuwar ƙasa, kayansa da magungunansa suna can cikin ɗakinsa a jirgi.

Akwai wani ɗan tarko a kan agogon kansa. Saudiyya da Jodan lokacinsu ɗaya ne duk shekara, amma a lokacin hunturu Masar tana bayansu da sa'a guda. Wayar hannu takan sauya lokaci da kanta idan ta kama layin ƙasar da aka shiga, alhali jirgi yana iya ci gaba da aiki da nasa lokacin. A tambayi ma'aikata kafin a sauka da wane lokaci ake aiki, a kuma daidaita agogon hannu da shi.

Sai batun rai, wanda ya fi kuɗi da lokaci. A ƙofar tasha za ka tarar da masu tare baƙi, kowanne da katin hotuna a hannu, yana nuna maka kifaye masu launi a Ras Muhammad, gandun teku da ke kusa da Sharm El-Sheikh, ko babura masu ƙafa huɗu a cikin yashi, yana rage farashi tun kafin ka buɗe baki. Ba dukkansu ne macuta ba, wasu masu neman halak ɗinsu ne, amma daga tsaye ba ka da hanyar bambancewa sai ka duba kayan aikinsu. Ka karɓi rigar da ke hana nutsewa ka juya ta a hannunka: idan igiyarta ta tsinke an ɗaure da leda, ko maƙullinta ba ya kamawa, ko babu ƙarama daidai jikin yaro, kada ka hau wannan kwalekwale. Ka tambayi hular kwano kafin ka hau babur, ka matsa birki ka ji. Nutso da tukunyar iska a baya ya fi komai buƙatar kulawa. A Masar akwai hukumar da ke sa ido a kan cibiyoyin nutso, wadda ake kira CDWS, kuma cibiyar kirki ba ta jin nauyin nuna takardarta. Wanda bai taɓa nutso ba, cibiyar gaskiya za ta ba shi takardar tambayoyin lafiya ya cike, ta koya masa numfashi a ruwa marar zurfi, malami ya kasance tare da shi, kuma ba za a wuce da shi mita 12 ba. Za a kuma gaya masa kada ya hau jirgin sama sai bayan aƙalla sa'a 12. Wanda ya ɗaura maka tukunya bai tambaye ka ko kana da asma ko ciwon zuciya ko hawan jini ba, kuɗinka yake gani, ba kai ba. A sani kuma cewa inshorar tafiya da yawa ba ta biyan raunin da aka samu a nutso ko a kan irin waɗannan babura sai an ƙara wannan sharaɗi tun farko, kuma tana iya ƙin biya idan mai shirya yawon ba shi da lasisi.

Wani alkawarin da ya kamata a yi wa kallon tsanaki shi ne na biza. Ɗan jagora ba ya ba da izinin shiga ƙasa. Ƙa'idar sauka a kowace tasha ta danganta da fasfon da mutum ke riƙe da shi, kuma kamfanin jirgi da ofishin jakadancin ƙasar ne za su faɗi abin da ake buƙata. Haka nan wanda ya shiga Saudiyya da bizar Umara ya tabbatar tun kafin ya sayi tikitin jirgi cewa bizarsa ta yarda ya fita ya sake shigowa. Wanda ya ce a tura masa hoton fasfo da ƙarin kuɗi zai gyara komai a tasha, kada a tura masa ko ɗaya, domin hoton fasfon kansa abin yin wata damfarar ne.

Ba ina cewa dole sai a cikin jirgi za a sayi yawo ba. Akwai kamfanonin waje masu rajista da suka yi shekaru suna ɗaukar fasinjojin jiragen ruwa, kuma sau da yawa sun fi sauƙi, ayarinsu ya fi ƙanƙanta. Ana gane su da cewa su ne za su fara tambayar ka sunan jirgi da ranar isowa da lokacin tashi, su rubuta maka sa'ar da za su dawo da kai, su bayyana abin da kuɗin ya ƙunsa da abin da bai ƙunsa ba, su kuma faɗi yadda za a mayar da kuɗi idan iska ta hana jirgi tsayawa a tashar, abin da kan faru. Suna da adireshi da lambar lasisi da za a iya bincikawa, kuma suna karɓar kuɗi ta katin banki ko bayan an gama yawo. Amfanin katin shi ne ana iya kai ƙara banki a nemi dawo da kuɗi idan ba a yi aikin ba, saɓanin kuɗin da aka tura ta Western Union ko ta kuɗin kirifto, waɗanda da wuya su dawo. Shawarata ita ce, duk yawon da ya yi nisa kamar Luksor da Petra, musamman idan akwai tsofaffi ko yara a tafiyar, a saye shi a hannun kamfanin jirgi ko da ya fi tsada, na kusa da tasha kuma a iya nema a waje, a bar tazarar aƙalla sa'a 2 tsakanin dawowa da lokacin rufe ƙofa. Kafin a sauka a ɗauki hoton takardar shirin ranar da ake rabawa a ɗakuna, domin a cikinta akan rubuta lambar wakilin jirgi a tashar, wanda shi za a kira idan mota ta lalace a hanya.

Wanda kuma ya riga ya tura kuɗi ya fara jin alamun rashin gaskiya, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya sanar da bankinsa nan take, domin da zarar an kwashe kuɗin daga asusun da aka tura su, dawo da su yana wahala ƙwarai. Ya adana rasit da saƙonni da hoton shafin kafin a goge shi, ya kai ƙara ga EFCC idan asusun na Najeriya ne, ya kuma faɗa wa zauren da ya ga tallar domin kada a ci na bayansa. Idan a tasha abin ya faru, Masar da Jodan duk suna da 'yan sanda na musamman masu kula da baƙi 'yan yawon buɗe ido, kuma ya kamata a sanar da teburin kula da fasinjoji na cikin jirgi tun kafin a bar tashar.