Masu kemis ku yi hattara da mai tallan manhajar tara maki, ya ci min 485,000 ya tafi da lambobin kwastomomina

Jama'a masu kemis da famasi, musamman na cikin Kano da kewaye, don Allah ku tsaya ku karanta wannan, akwai wani mutum da yake bin shaguna ɗaya bayan ɗaya da tablet a hannu yana tallan wai manhajar tara wa kwastoma maki, ɗan damfara ne, ɓarawo ne, naira 485,000 ya ci min kuma wallahi kuɗin su ne ƙaramin abin da ya tafi da shi. Na rubuta na goge na rubuta na goge, kunya ce take hana ni, amma jiya wani ya ce min ya ga mai kama da shi yana shiga wani shagon magani, to shiru ya ƙare.

Kafin wani ya zo min kwament da "ai kwaɗayi ne", a san ba garaɓasa na je nema ba. Duk mai sayar da magani ya san halin da muke ciki tun 2023, aka cire tallafin mai, naira ta faɗi, kamfanin magani na GSK suka ce sun tattara sun bar Najeriya, Augmentin da Ventolin suka koma kuɗin da kai kanka mai sayarwa kana jin nauyin faɗa, sannan a 2024 aka tashi 'yan magani daga Sabon Gari zuwa sabuwar kasuwar magani ta Dangwauro, kuɗin ɗauko kaya ma ya ƙaru. Kwastoman da ka saba da shi shekara da shekaru sai ka ga ya tsallaka titi saboda bambancin naira 200 a katin amlodipine na hawan jini, kuma ba za ka ga laifinsa ba. Manyan famasi masu rassa suna ba mutane kati, ka saya a tara maka maki, a turo maka tes ranar da maganinka ya kusa ƙarewa. Ni littafi gare ni, babban littafi mai baƙin bango da nake rubuta masu hawan jini da masu suga da masu asma da 'yan sikila, suna da lamba da maganin da mutum yake sha da ranar da ya karɓa, in wata ya zagayo yarona ya kira su. Dama ina neman abin da zai sauƙaƙa min wannan aikin. Neman gyaran sana'a ne ya kai ni, ba wani abu ba.

Ya shigo da la'asar, shadda fes, hula, katin shaida a wuya, Hausa tas a bakinsa, "ranka ya daɗe" "ranka ya daɗe" kamar bakinsa zai tsage. Ya buɗe tablet ya nuna min, kowace naira 1,000 kwastoma ya kashe maki 10, in makin ya taru a cire masa a kuɗin magani, ga wurin saka ranar da maganin mutum zai ƙare manhaja ta tura masa tes da sunan shagona, ga wurin da zai nuna min kayan da suka kusa lalacewa. A gabana ya saka lambata, tes ya shigo wayata da sunan shagona a sama. Na gani da idona. Aka kira sallah muka tafi masallaci tare, sahu ɗaya, kafaɗarsa na gogar tawa, muka dawo na ce to nawa ne, sai ya ɗaga hannu ya ce "ranka ya daɗe kar ka ba ni ko sisi yau, je ka yi bincike tukuna, harkar lafiyar mutane ba a yi mata gaggawa." Wannan maganar ita ce take hana ni bacci. Kar ka ba ni ko sisi yau. Ku gaya min wane ɓarawo ne ake miƙa masa hanya ya ce a'a je ka yi bincike? Ni da na daɗe a kasuwa, na ga masu kawo jabun magani, na ga masu alat na ƙarya, duk gaggawa ce take tona su, wannan shi ne yake ce min in bi a hankali.

Kuma na yi binciken, wannan nake so a ji. Lambar rajistar da ke jikin takardarsa na saka ta a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, sunan ya fito, kamfani yana nan da rai. Ya ba ni lambar wani wai mai famasi a Kaduna da yake amfani da manhajar, na kira, mutum ya ɗauka muka yi hira sosai, har yana gaya min cinikinsa na masu suga ya ƙaru, har sunan magunguna yake kamawa daidai, metformin, glibenclamide, yadda insulin yake ba shi wahala in babu wuta. Daga baya ne na gane kamfanin na gaske ne amma ba nasa ba ne, sunan mutane ya ɗauka ya buga a takarda, su ko sayar da manhaja ba sa yi, shi kuma na Kaduna abokin cin mushensa ne. To me ya rage wanda mai hankali zai yi ban yi ba? Na duba rajista, na kira shaida, na ga abu yana aiki a wayata.

250,000 na fara turawa, kuɗin rajista da na shekara ɗaya. Da sunan asusun ya fito na ga sunan mutum ne ba na kamfani ba, na tsaya, na tambaye shi, ban yi shiru ba, ya ce asusun kamfani ana sabunta takardunsa a banki wannan na akantansu ne, ya turo min risit mai hatimi nan take. Sai 135,000 na tes, wai ana sayen su da yawa ne a ajiye. Sai 100,000 na katunan roba masu sunan shagona da na'urar da za ta riƙa karanta su. A'a, ina jin na katin ne ya riga na tes, don na tuna ranar da ya kawo samfurin kati guda ɗaya mai tambarin shagona har na nuna wa maiɗakina a gida, koma dai wanne ne ya riga, 250,000 da 135,000 da 100,000, a haɗa, 485,000. Kuɗin da na ware na sarin kaya ne, 485,000, mai ƙaramin shago ya san abin da wannan yake nufi, kanta guda ce ta magani.

Na manta ban faɗa ba, manhajar ba a Play Store take ba, ta WhatsApp ya turo min ita, da zan saka waya ta yi gargaɗi, ya ce haka take yi wa duk manhajar da ba a gama yi mata rajista da Google ba, wata mai zuwa za ta hau. Ta nemi izinin shiga lambobin waya da saƙonni, ya ce ai dole, ta yaya za ta tura wa kwastoma tes in ba ta ga lambobi ba? Magana ce mai kama hankali, ko kai ne haka za ka ji ta. Allah ya taimake ni wayar shago ce ba wadda bankina yake kai ba, da yanzu wani labarin ake, don wanda ya duba min ita daga baya ya ce irin wannan izinin har lambar sirrin da banki yake turowa tana iya karantawa.

Sai littafin. Nan ne zuciyata take tafasa. Ya ce a ba su sunayen tsofaffin kwastomomi su shigar mana kyauta don kar yarona ya sha wahalar bugawa ɗaya bayan ɗaya, ya zauna a kan bencina, na sa aka kawo masa lemo, ya ɗauki hoton littafin nan shafi bayan shafi. Suna, lamba, magani. Akwai masu shan maganin farfaɗiya a ciki, akwai masu maganin ƙwaƙwalwa, akwai matan da suke karɓar na tsarin iyali, akwai dattijon da ko 'ya'yansa ba su san abin da yake damunsa ba, ni kaɗai ya gaya wa don ya yarda da ni. Amana ce mutane suka ba ni, mutumin nan yana shan lemona yana kwashe ta yana ce min ranka ya daɗe.

Manhajar ta ɗan yi aiki da farko, maki yana hawa, mutane suna murna, sannan ta fara juyawa kawai ba ta buɗewa. Na kira ya ce ana gyaran saba, wato na'urar da manhajar take aiki a kanta. Na sake kira ya ce yana Abuja mahaifiyarsa ba lafiya, har addu'a na yi mata. Katuna shiru, na'ura shiru. Daga nan layi a kashe, WhatsApp alama ɗaya, na Kaduna ma a kashe, adireshin ofishin da ke kan risit na je, shagon ɗinki ne, masu wurin ba su taɓa jin sunan ba.

Duk wannan da na haɗiye, wallahi da na haɗiye 485,000 na bar wa Allah. Sai ga wata Hajiya tsohuwar kwastomata mai hawan jini da suga ta shigo da jikanta, ta ce "Dakta ina maganin nawa, tun shekaranjiya nake jira." Na ce Hajiya wane magani? Ta ce ai yaronka ya kira ni ya ce makina ya cika, in tura 18,000 a kawo min na wata 3 har gida a rabin kuɗi. Ya faɗa mata sunanta, ya faɗa mata sunan magungunanta biyu daidai, ya faɗi sunan shagona, ta yaya ba za ta yarda ba? Ta ba jikan ya je POS ya tura. Kuma ta daina sayen maganin tana jiran na rangwame, na gwada ta a wurin jininta ya hau sosai sai da na ce a wuce da ita asibiti. Tsohuwa ce fa, ta haifi kamata. Na ce Hajiya ki yi haƙuri ba mu ba ne, ta kalle ni ta ce "to ɗan nan wa ya ba su sunan maganina?" Na mayar mata da 18,000 ɗinta daga aljihuna na ba ta maganin, amma tambayar nan har yanzu tana kaina. Bayan ita wasu sun zo, wani 7,500 wani 12,000, wasu kuma kiran masu tallan maganin gargajiya na suga ne ya dame su, ka ga ke nan lambobin sayar da su ma aka yi. Wani bawan Allah ko shigowa bai yi ba, daga bakin ƙofa ya ce in cire sunansa daga littafina, ya juya. Shekara nawa muna tare.

Kuma a lissafa, wanda ya ce min kar ka ba ni ko sisi yau, shi ne ya zauna ya kira tsohuwa ya karɓe mata 18,000. Allah ya isa. Allah ya isa tsakanina da kai, sahun da muka tsaya tare shi zai yi shaida.

Banki na je, suka ce kuɗi sun riga sun fita daga wancan asusun, kuma riƙe asusun wani sai da rahoton 'yan sanda da takardar kotu, na kai rahoto, ana kai. Lauyan da na gani ya ƙara min wani tashin hankalin, ya ce a dokar kare bayanan mutane ta 2023 bayanin lafiya yana cikin masu tsauri, kuma ni da na tattara su ni ne da alhakin tsare su, in suka fita akwai sanar da hukumar kare bayanai ta NDPC cikin awa 72 da sanar da su masu bayanan. Ni aka cuta, ni ne kuma zan yi bayani. Yanzu haka ni da yarona bin littafin muke muna kiran mutane ɗaya bayan ɗaya muna cewa duk wanda ya kira ku da sunanmu ya ce ku tura kuɗi ba mu ba ne, kowane kira sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Shawara dai gajeriya ce. Kar ku saka manhajar da aka turo ta WhatsApp. Kar ku tura kuɗi asusun mutum komai bayanin da zai yi. Lamba a CAC ba ta isa ba, ku taka ku je ofishin, shaidar ma ku je shagonsa da ƙafarku ba a waya ba. Littafin marasa lafiya kuwa kar ya bar hannunku, maki lambar waya kawai yake buƙata ba sunan ciwon mutum ba, ita ma sai mai ita ya yarda.

Sunansa da na manhajar lauya ya ce in dakata tukuna saboda masu kamfanin da ya saci sunansu ba su ji ba ba su gani ba, amma duk ina da su, alat uku, risit mai hatimi, hirarmu ta WhatsApp tun daga sallamar farko, muryarsa da yake cewa mahaifiyarsa ba lafiya, da hotonsa a kyamarar shago yana ɗaukar littafin. Ina rufe lambobin mutane ne a jikin hotunan, da na gama zan ɗora su a kwament. Duk mai shagon da mutumin nan ya taɓa zuwa wurinsa, ko ka biya ko ba ka biya ba, ka yi min magana ta inbox, an ce in muna da yawa ƙarar ta fi ƙarfi, kuma ku tura wannan a guruf ɗin ƙungiyar masu famasi ta ACPN da na ƙungiyar masu kemis ta NAPPMED na unguwanninku yau ɗin nan.