Hotsifot ɗin waya: inda yake fid da kai kunya, da inda yake cinye maka data

Duk mai wayar Android ko iPhone yana yawo da 'yar ƙaramar rauta a aljihu, ko ya sani ko bai sani ba. Kunna hotsifot shi ne ka sa waya ta ɗebo intanet daga layinka ta raba wa laftof, ko wata wayar, ko na'urar POS, ta hanyar waifai. Bayan dogon amfani da shi a kan Tecno, Samsung da iPhone, da layuka daban-daban a cikin garin Kano, ga hukuncina: mutum ɗaya da laftof ɗaya, aikin awa biyu ko uku, ba sai ya sayi komai ba, wayarsa ta wadatar. Wanda kuwa ya mai da wayar da yake amsa kira da ita rautar shago ko ta gida tun safe har dare, zai biya a wuri biyu, data da batir, kuma na datar ya fi ciwo.

Kunnawar ba ta da wuya. A Android ka shiga Settings, ka nemi Hotspot & tethering, galibi yana ƙarƙashin Network & internet, a Samsung kuma ƙarƙashin Connections. Hanya mafi sauri ita ce ka jawo allon daga sama ka danne alamar hotsifot ɗin ka ɗan riƙe, za ta kai ka wurin saitin kai tsaye. A iPhone Personal Hotspot ne, sai ka kunna Allow Others to Join. Kafin ka kunna, ka canza sunan, don in ka bar shi da sunan samfurin wayar, a Farm Centre ko titin Beirut sai ka ga irinsa biyar a jere, ba ka san naka ba. Tsaro ka bar shi a WPA2. Kalmar sirri ba ta yin ƙasa da harafi 8, kuma don Allah kada ta zama 12345678 ko lambar wayarka, su ne abin da yaran unguwa ke fara gwadawa.

Sai zaɓin 2.4 GHz ko 5 GHz, wanda mutane da yawa ke rikitawa da 5G. Ba ruwansa da 5G, wannan tsakanin wayarka ne da abin da aka jona kawai. 2.4 ya fi nisa, ya fi ratsa bango, kuma kowace tsohuwar na'ura tana ganinsa. 5 ya fi sauri da tsabta, amma bango ɗaya na bulo ya isa ya raunana shi. A cikin filaza mai cike da shaguna, inda kowa ya kunna nasa a kan 2.4, komawa 5 yana rage yankewa sosai in dai laftof ɗin yana gefen wayar. In kuma laftof ya ƙi ganin hotsifot ɗin sam, kusan kullum dalilin ke nan: tsoho ne, 2.4 kaɗai ya sani. Mai iPhone 12 zuwa sama sai ya kunna Maximize Compatibility, shi ke mai da ita 2.4. Wata ɗabi'ar iPhone da ke ɓata wa mutane lokaci ita ce, in abin da za a jona ba na Apple ba ne, sai ka bar shafin Personal Hotspot a buɗe har ya kama.

Yanzu ga inda kuɗi ke zurarewa. Mutum ya sayi giga 10 da ke yi masa wata a waya, ya jona laftof, kwana uku ya danna *323# ya ga saura kaɗan, sai ya ce kamfani ya sace. Sau da yawa ɓarawon yana kan teburinsa. Windows ba ta san hotsifot ba ne, waifai kawai ta gani, kuma a wurinta waifai kyauta ne. Da ta kama sai ta fara sauke sabuntawarta, wadda kan kai giga ɗaya ko fiye a lokaci guda, manhajar kashe ƙwayar cuta ta yi nata, OneDrive ya hau ɗora fayiloli, duk a ɓoye, kai kana can kana rubuta takarda. Maganin taɓawa ɗaya ne: a laftof ka shiga Settings, Network & internet, Wi-Fi, ka buɗe sunan hotsifot ɗinka, ka kunna Metered connection. Daga nan Windows ta san ruwan na saye ne, za ta riƙa tsimi. Amma fa da sunan take riƙe wannan saitin. Ranar da ka canza sunan hotsifot, ko ka jona da wayar wani, sai ka sake yi. A Windows 11 kana iya dakatar da sabuntawa har sati 5, sai dai kada ka mai da shi al'ada, ka nemi lokacin da kake da data mai yawa ka bar ta ta yi.

Wayar da aka jona ma haka take. Ƙanenka ya ce, "Yaya, ɗan kunna mini, saƙo ɗaya zan tura." Gaskiya ya faɗa, saƙo ɗaya zai tura. Amma wayarsa an saita ta kada ta sauke bidiyon WhatsApp sai a waifai, kada Play Store ya sabunta manhajoji sai a waifai, kada Google Photos ya ɗora hotuna sai a waifai. Sati biyu tana jiran wannan ranar. Bidiyon wa'azi da na biki na zaure goma sha za su zubo gaba ɗaya, kafin ya ce "na gama" rabin giga ya tafi. Wasu wayoyin Android suna gane cewa hotsifot ne su kame kansu, amma kada ka dogara da hakan. A wayar da aka jona a shiga bayanin waifai ɗin a zaɓi Treat as metered, in iPhone ce a kunna Low Data Mode. A taka wayar kuma, Samsung da Redmi suna da wurin sa iyaka, ka ce in an ci mega 500 hotsifot ya mutu da kansa. Wannan ya fi maka rigima da ɗan'uwa. A nan Android ta fi iPhone nesa ba kusa ba: tana nuna maka waɗanda suka jona, a wayoyi da yawa ka toshe wanda ba ka sani ba, ka ƙayyade adadinsu. A iPhone in kana son korar mutum ɗaya, sai dai ka canza kalmar sirri ka kori kowa.

Bidiyo shi ne ɗaya ramin. A waya YouTube kan tsaya a 480p, wato matsakaicin kyan hoto, wajen rabin giga a awa. A laftof allon babba ne, in ya ga sabis da kyau sai ya haye 1080p da kansa, awa ɗaya ya lashe giga biyu ko fiye. Ka sauko da shi da hannu zuwa 480p, karatu ko tafsiri ba ya buƙatar fiye da haka. Taron Zoom da kyamara a buɗe ka yi masa lissafin kusan giga ɗaya a awa, in ka rufe kyamarar ya ragu ƙwarai. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, wannan lissafin ya daina zama na masu ƙwauro, ya zama na kowa. Sannan ka duba irin datar da ka saya a *312#. Wadda aka ware wa WhatsApp ko Facebook kaɗai ba za ta buɗe maka shafin rajistar makaranta a laftof ba, za ka ga an jona amma babu intanet, ko kuma a koma cin kuɗin katinka.

Maganar sauri, hotsifot ba ya ƙara komai, abin da layin ya samu shi yake rabawa. In wayar na samun 10 Mbps, wato mega ɗaya da kwata a daƙiƙa, fayil mai giga ɗaya zai ɗauki wajen minti 14. Mutum huɗu suka hau, kowa ya samu rubu'i, in ɗaya yana kallon ƙwallo sauran sai haƙuri. Kada ka yarda da sandunan sabis na saman allo. A Android ka shiga About phone, SIM status, ka duba lambar dBm, ma'aunin ƙarfin sabis: kusa da -80 sabis ne mai kyau, -100 ana lallaɓawa, -110 zuwa ƙasa wahala ce. Ka zaga ɗakin da wayar kana kallon lambar, za ka sha mamakin bambancin tsakiyar ɗaki da bakin taga. Katangar ƙasa mai kauri irin ta gidajen cikin Badala, da rufin kwano, da shagon can ƙuryar bene a Kantin Kwari, duk suna cin sabis. Amfanin hotsifot a nan shi ne ba dole wayar ta zauna kusa da kai ba: ka ajiye ta a taga inda ta fi kamawa, kai ka zauna inda kake so. Akwai kuma jinkirin da ba na wuri ba ne, na cunkoso ne. Bayan Isha'i, da kowa ya koma gida ya kama waya, sanduna cike amma shafi ya ƙi buɗewa. Babban abu ka sauke shi bayan Asuba. Kano na cikin biranen da MTN ya fara kai wa 5G a 2022, kuma inda yake kamawa saurin ba a magana, sai dai ya fi zafafa waya, kuma ba ko'ina ba ne.

Abin da ya fi ba masu aiki haushi shi ne kira. Kana tsakiyar tura kuɗi ko cike fom, waya ta yi ƙara, intanet ya tsaya cik. Dalili: in ba a kunna VoLTE ba, wato saitin da ke barin a yi kira a kan 4G, waya tana sauka daga 4G zuwa 3G ko 2G don ta amsa kira, a 2G kuwa data ba ta tafiya tare da murya. A waya mai layi biyu, in kiran ya shigo ta layin da ba shi ke ba da data ba, a yawancin wayoyi datar tana tsayawa har a gama magana. In wayarka da layinka suna da VoLTE, ka kunna shi a saitin layi. Mai POS da ya dogara da hotsifot ɗin wayar da ake kiransa da ita, shi ya fi kowa sanin wannan ciwon, ga mai kati a tsaye yana cewa "Malam, an cire fa."

In hotsifot ya ƙi kunnuwa gaba ɗaya, fara duba Data Saver, a Android da yawa ba sa tafiya tare, sai ka kashe shi. In an jona amma babu intanet alhali wayar kanta tana yi, ka kunna yanayin jirgi na daƙiƙa goma ka kashe, in bai yi ba ka shiga Access Point Names ka danna Reset to default. Kuma VPN da ke kan wayar ba ya rufe laftof ɗin da aka jona, shi ma sai an sa masa nasa.

Sai zafi, kuma a Kano wannan ba ƙaramar magana ba ce. Waya mai hotsifot rediyo biyu take tafiyarwa lokaci guda, ɗaya yana magana da eriyar kamfanin layi, ɗaya da laftof, kuma duk raunin sabis duk ƙarin ƙarfin da take kashewa. Apple da kansu sun ce a yi amfani da iPhone a yanayin da bai wuce digiri 35 ba. Mu kuwa a Afrilu ana haura 40 a inuwa. Ka shiga shago da azahar ka gani: waya a kan kanta cikin rigar roba mai kauri, an jona ta a caji, mutum uku suna kai, an ɗauke wuta fanka ta tsaya. Ka ɗauke ta ka ji bayanta kamar gurasar da aka fid da daga tanderu yanzu. A wannan halin waya tana rage gudu don ta kare kanta, cajin ya tsaya ko ya riƙa ja da baya, wata ta kashe hotsifot ɗin. In aka yi watanni a haka batir ya kumbura, marfin baya ya fara ɗagawa. Ka cire mata riga, ka kashe allon, ka ajiye ta a kan tayil ko siminti cikin inuwa, ba a kan katifa ko gaban mota ba. Kada a sa ta a firji, raɓa za ta shiga ciki. Ka yi caji ya cika kafin ka fara ya fi ka haɗa caji mai sauri da hotsifot. Batir mai 5,000 mAh, irin na yawancin Tecno da Infinix, yana iya raba wa laftof ɗaya intanet rabin yini in sabis na da kyau. Fawa-bank mai 10,000 kuma kada ka yi masa lissafin cika ta sau biyu, abin da ke isa wayar bai fi 6,000 zuwa 7,000 ba, sauran ya tafi a juya wuta da zafi. Ka kunna saitin da ke kashe hotsifot in babu wanda ya jona.

Hanyar da na fi yabawa ita ce wadda aka fi mantawa da ita: igiyar USB. Ka jona waya da laftof, ka kunna USB tethering. Babu kalmar sirri, babu maƙwabcin da zai hau, ba ya yankewa don cunkoson waifai, wayar ba ta zafi sosai, tana ma samun ɗan caji. Sharaɗi biyu ne. Igiyar ta zama mai ɗaukar data, don akwai na bakin titi da wuta kawai suke kaiwa, alamarsu ita ce maɓallin USB tethering ya ƙi dannuwa. Sannan Windows tana ganin wannan a matsayin Ethernet, sai ka je can ma ka kunna Metered connection. Mai iPhone zai buƙaci iTunes ko Apple Devices a laftof ɗin Windows. Ta Bluetooth ma ana yi, amma da ƙyar yake kai 2 Mbps, na saƙo ne kawai.

Ga ɗalibin BUK mai rajista da neman takardun bincike, ko ma'aikacin da ke tura rahoto daga gida, waya da igiya mai kyau sun isa. Shago ko gida mai mutum huɗu zuwa sama, a sayi MiFi, wato 'yar rautar aljihu mai batir, ko rauta, eriyar rauta ta fi ta waya kuma ba ta fita unguwa da mai ita. In kuɗin bai kai ba, tsohuwar wayar 4G da allonta ya tsage tana yin aikin sarai: a sa mata layin data shi kaɗai wanda ba a kira, a cire manhajojin ciki, a kashe mata sabuntawa, a ajiye ta a taga. Duk sati a kwantar da ita a kan tebur a duba, in ta fara lilo ko marfin ya ɗaga, a cire ta daga caji a kai a canza batir.