Borin jini a Taiwan: ƙwayar asibiti ko haɗin ganyen Sinawa?

Duk wanda borin jini ya taɓa hana shi barci ya san ba wasa ba ne, fata ta yi ruɗu-ruɗu ga ƙaiƙayi kamar ka yage jikinka. A Taiwan inshorar lafiyar gwamnati da aka fara a 1995 tana biyan maganin asibiti da na gargajiya, to mutum sai ya zaɓa.

Na asibiti dai cetirizine ne ko loratadine, ƙwaya ɗaya a rana, cikin awa ɗaya zuwa uku ƙaiƙayin ya lafa, in ya ƙi likita zai iya ƙara adadin har ninki huɗu. Matsalarsa in borin ya wuce sati 6 ana daina shan ƙwayar yakan dawo.

Likitocin gargajiya kuwa wanda suka fi rubutawa shi ne Xiao Feng San, tsohon haɗi tun zamanin daular Ming ta ƙasar Sin, kaya 13 ne a ciki harda riɗi da saɓar wani ƙwaro da garin farin dutse, su a wajensu "iska" ce da zafi suka shiga fata dole a kore su, kuma sukan ƙara ɓawon saiwar wani tsiro da suke kira Bai Xian Pi gwargwadon jikin mutum. Wannan ba ya aiki nan take, sai an juri sha, kuma Bai Xian Pi ɗin an samu waɗanda ya taɓa musu hanta, shi ya sa gaskiya ni ƙwayar zan fara sha.

Amma fa in leɓe ko maƙogwaro ya kumbura numfashi na sarƙewa, ba ganye ba ƙwaya, asibiti za a ruga a yi allurar adrenaline.